Ba Siririya Ba Ce

A Bader Gula, cikin gundumar Dakwaro ta jihar Maraɗi, ba a cika kiran malamin boko da sunan yanka ba. Mushe ake ce masa, aro daga kalmar Faransanci ta girmama namiji. Duk baƙon da ya zo daga Kano ko Zariya ya ji ana kiran mutum mai rai da wannan suna sai ya ƙunshe dariya, domin a can dabbar da ta mutu ba yanka kaɗai suka sani da shi. Mushen da wannan labari ya shafa malamin Ingilishi ne na kwantaragi, haifaffen yankin, wanda ya yi karatu a Yamai ya komo gida. Daga kasuwa har masallaci an yarda babu wanda ya kai shi jin harshen Ingila, saboda haka duk takardar da ta shigo gari da wannan harshe, ta magani ce ko ta injin niƙa, hannunsa take faɗawa.

Ingilishin nasa ya fara ne kamar na kowane ɗan Nijar da ya shiga kwaleji, wato a aji na farko, ta bakin Faransanci. Malaminsu yakan raba allo biyu, ya jera sifofi kishiya da kishiya, sannan ya rubuta ma'anar kowace da Faransanci a gefe. A littafin yaron, wanda har yanzu yana cikin akwatin mahaifiyarsa, kalmar *thin* tana nan da *mince* a gabanta. Ba a rubuta Hausar ba, don ba a shiga aji da ita a lokacin, amma shi ya rubuta ta a zuci: siriri. Da wannan igiya mai ƙulli uku ya ci jarrabawa, da ita ya koyar shekara biyar, ba ta taɓa tsinke masa ba.

Daminar 2021 ta zo da gardama a yawancin Nijar. Ruwa ya ɗauke tun gero bai ƙosa ba. Bader Gula kuwa tana can gefen da noma yake ƙarewa kiwo ya karɓa, ba nisa da kwarin Tarka, inda ko a shekarar albarka sai da dabara rumbu yake kai mutum wata kakar. Kafin bazarar 2022 ta raba, rumbuna sun yi ƙasa, ciyawa ta ƙare, makiyaya sun fara tada shanu da wutsiya da safe. Manya suka soma ambaton 2005, shekarar da ta biyo bayan fara, wadda tamowar yara ta sa sunan Maraɗi a bakin gidajen rediyon duniya.

Ana cikin haka wata ƙungiyar agaji ta aiko da takardar tambayoyi. Da Ingilishi ta zo, domin an riga an yi aiki da ita a ƙetaren iyaka, ta Faransancin kuma ba ta iso ba, lokaci kuwa ba ya jira. Tsarin mai sauƙi ne. Ma'aunin damtse bai wadata ba, rugage da ƙauyuka kuma suna da nisa, don haka ƴan sa kai za su fara bi gida-gida suna tambayar uwaye. Duk yaron da aka amsa masa da "i" a wasu tambayoyi sai a kira shi gidan likita ranar awo. Aka kawo wa Mushe takardar bayan la'asar, aka ce ana son ta da safe. Kan takardar akwai *lean season*, bai ko tsaya ba ya rubuta "lokacin da rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai zo ba", domin a cikin lokacin yake zaune. Ya sha wuya a kan sunayen allurai. Tambaya ta huɗu ce mafi sauƙi a ganinsa: *Is the child very thin?* Ya rubuta, "Yaron nan siriri ne ƙwarai?" A gabanta gida biyu ne, na "i" da na "a'a". Ya wuce ta biyar.

Ɗalibin nahawu zai hango ramin tun daga ƙirar kalmomin. *Siriri* sifa ce ta asali, da tamatarta *siririya* da jam'inta *sirara*, kuma abin da take faɗa shi ne halitta. Zare siriri ne, allura siririya ce, haka sillen kara, haka jinjirin wata, haka turbar da awaki suka taka cikin gona. Ba ruwanta da yadda abu yake jiya. *Ramamme* kuwa daga aikatau ta fito, daga *rame*, kamar yadda *dafaffe* ya fito daga *dafa*, *karyayye* daga *karye*, kuma duk sifar da aka ƙera a wannan maƙera tana goye da labarin abin da ya auku. Ba a ce wa abu karyayye sai ya taɓa zama a miƙe. Ba a ce wa yaro ramamme sai ya taɓa yin jiki. Shi kansa *rame* aikatau ne na aji na huɗu a tsarin da F. W. Parsons ya shimfiɗa a 1960, ajin da galibi yake nuna aiki ya kai matuƙa, kuma ƴan'uwansa na wannan fage a nan suka taru: *ƙanjame*, *tsamure*, *zabge*, *bushe*.

Dillalin kasuwar shanu bai san Parsons ba, amma da wannan bambanci yake cin abinci. Jar saniyar Bororo, mai dogayen ƙafafu da manyan ƙahoni, siririya ce ko a tsakiyar damina, ko da ta ƙoshi har tana ƙyalli. Saniyar Azawak ta fi ta cika. In aka ga Azawak haƙarƙarinta a waje, ƙashin ƙugu ya tsaya kamar turke, ba wanda zai ce siririya ce. Ramammiya ce, kuma kuɗinta ya faɗi. Mai saye yakan so ya kira siririya ramammiya don ya karya farashi, mai sayarwa yakan so ya kira ramammiya siririya don ya tsira da nasa, kuma duk cinikin da ake yi a bazara rabinsa gardama ce a kan waɗannan kalmomi biyu. Mushe ya tashi yana jin wannan gardama. Kakansa da ita ya yi suna. Da Hausa ba zai taɓa ruɗa su ba. Sai da Ingilishi ya shiga tsakani, da Faransanci a bayansa, sannan kunnen da aka haife shi da shi ya toshe.

Yayarsa, wadda suke ciki ɗaya, tana aure a wani ƙauye na tafiyar rabin yini da amalanke. Tana da ɗiya da ake kira Azumi, domin a azumin 2021 aka haife ta, ɓul-ɓul da ita, har kakanni suna tsokanar cewa ta cinye rabon yayyenta tun a ciki. Uwar ta sami wani ciki da wuri, aka yaye Azumi tun ba ta cika wata goma sha huɗu ba, zawo ya kama ta, aka ce haƙora ne. Yarinyar da ta zo da takarda gidan tsohuwar ɗalibar Mushe ce, mai ladabi da kiyaye umarni. Ta karanta tambaya ta huɗu yadda aka rubuta ta.

"A'a," in ji Yaya. "Ba siririya ba ce. Da ƙibarta aka haife ta. Ramewa ta yi."

Yarinyar ta dubi takarda. Gida biyu ne, kuma an amsa mata da "a'a". Ta sa alama a gidan "a'a", ta wuce ta biyar. Ba za a ce ta yi kuskure ba, ba kuma za a ce uwar ta ɓoye komai ba. Ta faɗi gaskiyar gaba ɗaya, har ta ƙara da abin da ba a tambaye ta ba, sai dai takardar ba ta da wurin zuba ƙarin. A rugar da ke bayan ƙauyen kuwa, inda dogaye sirara suke gadon gida, uwaye suka amsa da "i" cikin fara'a, wasu ma da ɗan alfahari.

Ranar awo majo, wato shugaban gidan likitan, ya yi ta naɗa ma'auni a damtsen yara yana ganin kore. Ma'aunin ɗan siririn maɗauri ne mai launi uku, ana auna yara da shi daga wata 6 zuwa wata 59. Ƙasa da milimita 115 ja ne, tamowa mai tsanani ke nan, bisa ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka tsayar a 2009. Daga 115 zuwa ƙasa da 125 rawaya ne, sama da haka kore. Majo ya yi mamakin yadda shekara irin wannan ta cika masa rumfa da lafiyayyun yara, amma ya ɗauka sa'a ce. Sai bayan mako uku aka kawo Azumi a amalanke, ba don takarda ta kira ta ba, sai don ta daina kuka, abin da ya fi kukan tsorata uwa. Ma'auni ya tsaya a 108. Mushe yana wurin, an aiko masa tun da asuba. Majo ya buɗe rajista ya tambaya don me ba a kawo ta ranar awo ba. Yaya ta ce ba a kira su ba. Ta ce an zo an tambaye ta ko ɗiyarta siririya ce.

Bai ce komai ba a ranar.

Bayan an kwantar da yarinyar a Dakwaro, inda ake samun intanet in an yi haƙuri, ya kwana biyu a barandar asibiti yana neman *thin* a wayarsa, kamar mai neman wanda ya yi masa sata alhali ya san a gida ɓarawon yake. Abin da ya gani ya saɓa wa allon aji na farko. Kalmar tsohuwa ce, dangin *tenuis* ta Latin, daga saiwar da take nufin jan abu har ya miƙe, kuma ita kaɗai ba ta yabo ba ta suka. Abokan tafiyarta ne suke ba ta fuska. In ta zo da *tall*, aka ce mutum *tall and thin* ne, halitta ake nufi, dogo siriri. In ta zo bayan *painfully* ko *terribly* ko *dangerously*, rama ce mai ban tsoro. In aikatau irin *grow* ko *get* ya gabace ta, an shigo da jiya cikin maganar, an koma *rame* sak. Baturen Ingila in ya ce wa abokinsa *you look slim* yabo ya yi masa. In ya ce *you look thin*, tambayarsa yake ko lafiya. Harafi huɗu ne kowace, ƙamus na aljihu kuma zai iya ba su ma'ana ɗaya.

Wannan shi ne abin da masana suke nufi da abotar kalmomi. J. R. Firth na Jami'ar Landan ne ya yi suna da ra'ayin, musamman a rubutunsa na 1957, cewa wani kaso na ma'anar kalma yana wurin kalmomin da ta saba zama da su. Bahaushe ba zai yi musu ba, tunda shi ya ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. John Sinclair na Birmingham ya ɗauki maganar ya kai ta ga kwamfuta, ya tara rumbun matani na miliyoyin kalmomi, daga ciki aka fitar da ƙamus na COBUILD a 1987. A 2002 Oxford ta buga ƙamus sukutum wanda ba shi da aiki sai nuna wace kalma ce take tafiya da wace. Da Mushe ya dubi tambaya ta huɗu da wannan ido, da ya ga *thin* ba ita kaɗai ta zo ba. *Child* yana gabanta, *very* yana riƙe da hannunta, tambaya ta uku a kan zawo take, ta biyar a kan kumburin ƙafa. A cikin wannan ayari babu siriri. Abin da likitoci suke kira *wasting*, Faransawa su ce *émaciation*, shi aka sassauta aka ce *very thin* don mai karatu ya huta. Ingilishi ya bar ma'anar a hannun maƙwabta. Hausa kuwa a cikin kalmar take zuba ta, kuma dole mai fassara ya zaɓa.

Daga nan abin ya zame masa kamar susar ƙaiƙayi. Ya sami bayan wata takardar magani ya fara jera abokan *thin* yana neman Hausarsu, sai ya ga da ƙyar *siriri* ta ci biyu ko uku. *Thin line* layi ne siriri, *thin voice* murya ce siririya, nan an dace. Amma *thin soup* fa? Duk wanda ya ce wa matarsa ta yi miya siririya, dariya za ta yi masa kafin ta ji haushi. Miya tsinkewa take yi, ko ta yi ruwa-ruwa, in abin ya ɓaci ta yi tsululu. Kunu haka, fura kuma in aka yi ta ƙara mata ruwa don ta kai kowa, farau-farau ta zama, kuma a wannan bazara gidaje da yawa sun san ta. *Thin cloth* yadi ne shara-shara. *Thin hair* gashi ne da ya zube. *Thin crowd* taro ne da mutane suka zo jefi-jefi. *Thin excuse* uzuri ne da bai taka kara ya karya ba. In haƙurin Bature ya fara *wearing thin*, na Bahaushe tura ce ta kusa kai bango. Wanda ya ɓace *into thin air* an neme shi ko sama ko ƙasa. *Thin-skinned* ba ruwansa da fata, mutum ne da ba ya ɗaukar wasa. *Thin ice* ce ta fi ba shi aiki, domin ƙanƙarar da ya sani ta cikin leda ce da ake sayarwa a azumi, ba wadda ake tafiya a kanta ba. Daga baya ya rubuta "wasa a bakin rijiya", kuma duk wanda ya leƙa rijiyoyin ƙasar Dakwaro ya san ba a faɗa musu sau biyu.

Wani abin lura shi ne ɗaya gefen bai warwatse haka ba. *Kauri* ita kaɗai ta ɗauki kunu da itace da bargo da murya, har da suna, in mutum ya yi abin da ake faɗa. Jiki ne kawai ya fita da *ƙiba*. Wato Hausa ta haɗe kauri wuri ɗaya, ta rarraba rashinsa gida-gida. Akwai sha'awar a ce al'ummar da ta san yunwa ce ta yawaita sunayenta, kamar yadda aka daɗe ana cewa mutanen ƙasar ƙanƙara suna da sunaye barkatai na ƙanƙara. Magana ce mai daɗin faɗa a taro, amma Laura Martin a 1986 da Geoffrey Pullum bayanta sun nuna yadda wancan labari ya yi ta ƙiba daga littafi zuwa littafi ba tare da hujja ba, kuma bai kamata a ɗauko irinsa a dasa a Hausa ba. Ingilishi ma ba matalauci ba ne a nan. Yana da *slender* ta yatsu da wuya, mai ƙamshin adabi. Yana da *skinny* ta tsokana, da *scrawny* ta raini, da *gaunt* ta fuskar da ta faɗa, da *emaciated* ta asibiti, da *lean* wadda take yabo a jikin ɗan dambe da tsokar nama, ta koma baƙin labari in ta zauna kusa da shekara. Bambancin shi ne Ingilishi yana da kalma guda ta tsakiya da za a iya fakewa a bayanta, Hausa ba ta da ita.

Ita ma *slim* ba kullum take yabo ba. A farkon shekarun 1980, lokacin da wata cuta ta fara cinye mutane a yankin Rakai na Uganda, mutanen wurin da wannan kalma suka kira ta, har sunan ya shiga mujallar likitoci ta Lancet a 1985. Kalmar kwalliya ta zama sunan ajali. Hausawan Nijeriya da cutar ta iso gare su ba su je kusa da *siriri* ba, *ƙanjame* suka kama suka ƙera *ƙanjamau*. A Nijar aka tsaya a *sida*.

Ya koma gida ya gyara takardar, ba tare da ya jira an ce masa ba. Ya kankare tambaya ta huɗu ya rubuta, "Yaron nan ramamme ne?" A nahawu ba ta da aibi. Kwana biyu ƴan sa kai suka dawo suna cewa ba ta tafiya. Uwaye sukan yi shiru, ko su ce "lafiya lau yake" su ja zane su rufe yaron. A wani gida maigida ya fito ya tambaya ko an zo ne a ce ba ya ciyar da iyalinsa. Abin da Mushe bai lissafa ba shi ne *ramamme* ma tana da abokan zama, kuma ba na kirki ba ne: ramammen jaki, ramammen kare, ramammiyar akuyar da ba ta da mai ita. In aka liƙa ta a jikin yaro, a tsakar gida, kishiya tana jin ta daga bakin murhu, tuhuma ta zama. Ga kuma tsoron baki, wanda yake hana uwa furta mugun abu a kan ɗanta ko da tana ganinsa. Yaya ta iya cewa "ramewa ta yi" domin aikatau ne, abu ne da ya sami yarinyar, kamar zazzaɓi. Da an ce mata ɗiyarta ramammiya ce, da wataƙila ita ma ta ja zane.

Tsohuwar ungozomar garin ce ta fitar da shi. Ita ta yanke masa cibi, don haka ba ta kiransa Mushe.

"Ɗana, wa ya aike ka ka tambayi uwa ko ɗanta ramamme ne?"

"To Inna, mi zan ce?"

"Tambaye ta zaren ƙugu. Ka ce, ya yi mashi yawa? An rage shi tun bayan salla? In ba ya da zare, ka ce, in kin goya shi, ya yi maki sauƙi a baya? Bayan uwa ba ya ƙarya."

Babu *thin* a cikin waɗannan tambayoyi, babu siriri, babu rama. Duk da haka su ne fassarar tambaya ta huɗu, domin su ne suka kawo amsar da mai tambayar yake nema, wato jiya da yau. Zaren da ake ɗaura wa jariri a ƙugu ma'auni ne tun kafin a ƙera mai launi uku, kuma ana iya maganarsa a gaban kishiya ba tare da an zargi kowa ba. Tsohuwar ta ƙara masa da cewa ya kula da wanda ya kumbura, don shi zarensa matsewa yake yi, uwa ta ɗauka jiki ya yi. Wannan ita ce cutar da Cicely Williams ta shigar da sunanta cikin littattafan likita a 1935, *kwashiorkor*, aro daga harshen Ga na ƙasar da ake kira Ghana a yau. Yaron da take ci ba siriri ba ne, ba ramamme ba ne a ido, sai an danna bayan ƙafarsa da yatsa an ga ramin bai tashi ba. Dalilin tambaya ta biyar ke nan.

Daga baya ma'aunai suka iso da yawa, aka rarraba wa uwaye su riƙa auna ƴaƴansu da kansu, dabarar da aka fara gwadawa a Mirriya ta jihar Damagaram aka ga uwaye suna iyawa. Tambaya ta huɗu ta rage nauyi. Azumi ta yi makonni tana tsotsar ƙullin gyaɗar nan na cikin leda da mata suke kira biskit, ta tashi. Amma mako uku mako uku ne. Ƴan sa kai sun shiga gidaje da yawa da takardar farko, kuma ba kowace uwa ce take da ƙane a gari da amalanken aro ba. Ya bi waɗanda ya iya bi. Wasu gidajen ya tarar an rufe da ƙaya, masu su sun yi kudu cin rani, ba wanda ya san ko da yara nawa suka isa.

Ba daidai ba ne a sauke kayan duka a kansa. Allon da aka raba biyu yana da nasa kaso, da duk tsarin koyarwar da yake ba yaro kalma tsirara, ba abokiya ba maƙwabciya, ya ce ya haddace. Kayan aikin ma ba su kai ƙauye ba. Ƙamus na Ingilishi zuwa Hausa na Roxana Ma Newman, wanda ya fito a 1990, yana rarrabe ma'anoni da misalai, na Bargery na 1934 kuma rumbu ne da har yau ba a ga ƙasansa ba, amma malamin kwantaragi a Bader Gula bai taɓa riƙe ko ɗaya ba. Ƙamus na abotar kalmomin Hausa kuwa, wanda zai gaya wa mai fassara cewa miya ba ta sirancewa kuma zare ba ya ramewa, aiki ne da yake jiran masu yi. A watan Maris na 2025 sabuwar dokar ƙasa ta Nijar ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ta ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Takardu irin ta Mushe za su ƙaru ke nan, na asibiti da na kotu da na gona, kuma galibinsu za a kawo su ne bayan la'asar a ce ana so da safe.

Yanzu in ya zo kan *thin* a aji ba ya raba allo. Yakan rubuta ta a tsakiya, ya sa yara su kawo masa abubuwa: miya, zane, saniya, murya, jariri. Darasin da yake cin minti biyar a da, yanzu yakan cinye awa guda, kuma wani mai duba malamai ya taɓa rubuta masa cewa yana ɓata lokaci.

Sai da aka yi kaka biyu sannan ya faɗa wa Yaya. Ya je ƙauyen da goron salla, Azumi tana bin ƴan awaki a tsakar gida tana kiransa Kawu. Ta miƙe, ta yi wuya, ta ɗauko ƙirar dangin ubanta. Ya jira mijin ya fita, sannan ya ce takardar nan ta shekarar yunwa, wadda aka zo aka tambaye ta ko ɗiyarta siririya ce, shi ya rubuta ta.

Yaya ta ajiye taɓarya ta dube shi.

"Kai ne?"

"Ni ne, Yaya."

Ta daɗe ba ta yi magana ba. Sannan ta juya ta dubi yarinyar, ta nuna ta da haɓa.

"To ga ta nan. Yanzu kam siririya ce. Rubuta."

Ta ɗauki taɓaryarta ta ci gaba da daka.